Ƙarfe Nawa Yake Buɗe Shago?

Mai Burodi yana da awo guda ɗaya da yake auna ɗan Adam da shi, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ƙarfe nawa mutum yake buɗe ƙofar sana'arsa. In ka zo neman aiki a gidan burodinsa, ba zai tambaye ka ɗan wane ne kai ba. Zai ce ka dawo gobe, ya ƙi faɗa maka lokaci, sannan ya zuba ido. Wanda ya iso rana ta fito, sai a ba shi burodi ɗaya mai zafi, a yi masa fatan alheri. Da wannan awon ya zaɓi mai kawo masa fulawa, da shi ya raba gari da likitoci biyu, kuma da shi yake shirin auna saurayin Auta.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe. Ita kaɗai ta rage a gabansa tun da mahaifiyarta ta rasu, yayyenta kuma kowa ya kama gidansa, don haka ita ce hannunsa na dama a gidan burodin. Ranar da ta same shi yana shafa wa gwangwanaye mai, ta sunkuyar da kai ta ce akwai wanda yake so ya turo manyansa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sana'ar yaron ya tambaya. Ta ce makulli yake yankawa, yana gyaran kwado da ƙofofi, a can birnin da Goggo take aure.

“To,” in ji shi. “Za mu gani.”

Ba a jima ba sai ya tuna yana da ƙanwa, wato Goggo, da ta daɗe tana roƙon ya ziyarce ta. Babu wanda bai gane ba. Ba zumunci ne ya tayar da shi ba, ƙofa zai je dubawa. Kuma in ƙofar nan ba ta yi masa ba, magana ta mutu ke nan, domin Auta ba za ta tsallake maganarsa ba ko da za ta shekara tana kuka. Ya bar ɗan wansa ya riƙa kama mata, ya hau jirgi karo na farko a rayuwarsa.

Tun a filin jirgi garin ya fara ɓata masa rai. Wayarsa, ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta mayar da kanta baya da awa uku. Ya dube ta ya dubi agogon hannunsa, ya yi tsaki.

“Kawo in gyara maka agogon, Yaya,” in ji Goggo. “Nan muna bayanku da awa uku.”

“Bar min abina. Shi ba munafuki ba ne, bai sauya ubangida daga sauka ba.”

Ya bar shi a lokacin gida. Ya ce ta haka ne zai san abin da ake ciki a gidan burodi: yanzu an kwaɓa, yanzu ƙullu ya tashi, yanzu an fitar da zubin farko. Goggo ta san halin ɗan'uwanta, ta ɗauki jakarsa ta yi gaba.

Washegari jikinsa ya tashe shi a lokacin da ya saba, alhali a garin nan ko zakara bai yi tunanin motsi ba. Ya yi ta juyi a gadon baƙi yana sauraron ƙarar firiji. Gari na fara haske ya saka takalmi, ya zare sakata a hankali, ya fita yana jan ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Titin shagon ba shi da nisa, tun a jirgi ya haddace kwatancen. Ya wuce kantin magani, ya wuce shagon yadi, ya wuce wani mai sayar da fitilu, duk an jawo ƙofofin ƙarfe daga sama har ƙasa. Ban da mai shara da wata kyanwa babu kowa. Can tsakanin shagon aski da na mai yadi ya ga ƙaramar ƙofa shuɗiya, an zana ƙaton makulli a samanta, an garƙame ta da kwado uku. Ya tsaya ya ƙare musu kallo. Kwadon masu kyau ne, wannan kam ya yarda.

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki da ya ba ta labari a wurin karin kumallo.

“Yaya, wa zai buɗe maka shago da sassafe a nan? Sai tara ake fara ɗaga ƙofa, wasu ma sai goma. Ƙarfe ɗaya kuma kowa ya rufe ya tafi gida, a ci abinci a kwanta, sai huɗu a dawo. Daga nan a yi ta ciniki har dare. Banki da ofisoshin gwamnati ma ba sa dawowa, in ka rasa su da safe sai gobe.”

“A rufe shago da rana tsaka?”

“Da rana tsaka.”

“Mutum da lafiyarsa?”

“Da lafiyarsa garau. Baƙi duk haka suke yi in sun zo, su yi ta buga ƙofofi suna masifa. Bayan mako guda sai ka ga sun fi 'yan gari iya barcin.”

Bai yarda ba. Ya ɗauka irin ƙarin gishirin Goggo ne, don tun tana yarinya in ta ga ɓera sai ta ce kare ta gani. Da rana ya sake fita, ya iske titin ya fi na safe mutuwa. Har mai sharar ya tafi. Ya dawo gumi sharkaf, ya zauna a ƙarƙashin fanka, Goggo kuma ta yi masa kara, ta miƙo ruwa kawai.

Amma Mai Burodi mutum ne mai adalci, ko kuma haka yake ɗaukar kansa. Ya ce a ransa ba za a kama yaro da laifin garinsu ba. In duk gari malalata ne, sai a auna shi da malalatan. Saboda haka kashegari ya daure ya zauna a gida har rana ta ɗaga, sannan ya je ya samu benci a tsallaken titi, ya kafa sandarsa tsakanin ƙafafunsa.

Kantin magani ne ya fara buɗewa. Sai mai fitilu, yana hamma. Mai yadi ya zo ya fito da bandir-bandir ya jera a bakin ƙofa. Mai aski ya share gabansa, ya yayyafa ruwa, ya kunna rediyo. Titi ya cika da ƙarar ƙarfe ana tura shi sama. Ƙofa shuɗiya kuwa tana nan da kwadonta uku. Wata mata mai ɗauke da jakar cefane ta zo ta tsaya a gabanta, ta duba wayarta, ta jingina da bango. Wani dattijo ya zo da kwado a hannu ya tsaya bayanta. Goma ta yi ta wuce.

Mai Burodi ya tsallaka ya shiga shagon aski. Gashin da ya rage masa bai kai a ɗora masa almakashi ba, amma ya zauna a kujera ya ce a gyara.

“Maƙwabcin nan naka,” ya ce, yana kallon madubi kamar maganar ba ta dame shi ba, “kullum haka yake barin mutane a tsaye?”

“Mai Makulli? Ai da shi ke riga kowa, Baba. Ni in na zo sai in tarar ya share har gabana. Tun bara ya canza. Makon nan ma abin ya fi muni, jiya sai wajen sha ɗaya.” Mai aski ya rage murya, irin ta mai jin daɗin abin da zai faɗa. “Ka ga idonsa jawur kullum. Ni dai ban ce komai ba. Amma yaro matashi, shi kaɗai a ɗaki, wa ya san inda yake kwana?”

“Aikinsa fa?”

“A'a, aiki kam ba a magana. Shi ya sa suke jira.”

To, an gama. Malalaci ne ko a cikin malalata, ga shaida daga bakin maƙwabci. Mai Burodi ya ji haushi, ya ji tausayin Auta, amma a ƙarƙashin waɗannan ya ji wani daɗi da shi kansa bai so ya kalla ba. Auta za ta zauna. Ba zai koma gida ya tarar da ɗakinta fayau ba, ba zai fara neman baƙon hannu a wannan tsufan ba. Kuma ba wanda zai ce son kai ne, tunda ga ƙofa, kowa ya gan ta a rufe.

Yana karkaɗe wuyan rigarsa sai ga wani dogon saurayi siriri ya tsaya da keke. Ya ba matar haƙuri, ya ba dattijon haƙuri, ya buɗe kwadon ɗaya bayan ɗaya da sauri. Idonsa kuwa ja ne, mai aski bai yi ƙarya ba.

Ya kamata Mai Burodi ya wuce gida. Amma ya biyo jirgi tun daga wata ƙasa, sai ya ga bari dai ya ga fuskar da kyau. Ya shiga ya tsaya daga gefe. Shagon ƙarami ne, mutum huɗu sun cika shi. Bango duk ƙusoshi, kowace ƙusa da jerin makullan da ba a yanka ba, masu ruwan zinare a dama, masu fari a hagu. Injin yanka yana kan tebur, an share garin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tas. Saurayin ya ɗaura makullin matar, injin ya yi kuka, ya goge bakin sabon da buroshi, ya shafa shi da yatsa, ya sake gogewa kafin ya miƙa mata. Dattijon kuma ya ce masa kwadon bai mutu ba, datti ne, ya ɗiga masa mai ya sallame shi.

“Baba, sannu da tsayuwa. Me za a yi muku?”

“Ba komai,” in ji Mai Burodi. “Kallo nake. Wa ya koya maka barin mutane a rana?”

Saurayin ya saki buroshin. Ya zagayo daga bayan tebur da sauri har ya bugi kujera, ya durƙusa.

“Baba! Ku ne? Sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya gwiwar?”

“Ka san ni ne?”

“Muryarku na sani, Baba.”

“A ina ka taɓa jin muryata?”

Saurayin ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ya jawo kujerar ya goge ta da hannun rigarsa. Mai Burodi ya zauna, don gwiwar ta gaji, ba don an burge shi ba.

“Ina jin ka.”

“Kullum da asuba in kun shigo gidan burodi, kukan ce, ‘Wa ya bar buhun nan a buɗe?’ Da na ji haka sai in kashe waya in kwanta.”

Mai Burodi ya haɗe rai. “Wato kai ne kake hana Auta aiki da hira.”

“Ba hira ba ce sosai, Baba.” Ya ɗan ɗago. “Tun bara da likita ya hana ku fitowar ƙarfe huɗu, ita kaɗai take yin kwaɓin farko. Wata rana barci ya ɗauke ta a tsaye, ta faɗa jikin ƙofar tanderu. Ku yi haƙuri, ta ce kada in faɗa.”

Tabon ya faɗo masa a rai, dogo a damtsenta na hagu. Ta ce masa tire ne ya goge ta, shi kuma ya yi mata faɗan rashin kula, ya ce mai burodi ba ya rasa tabo. Bai sake tambaya ba.

“Bayan nan kuma saura kaɗan injin kwaɓi ya kama mata hannun riga,” in ji Mai Makulli. “Sai na ce to, in ta tashi ta kira ni, ta ajiye wayar a kan tebur. Ƙarfe huɗunku na asuba ƙarfe ɗayan darenmu ne. In na rufe shago sai in ɗan kwanta, in tashi, mu zauna tare har ku iso. In ba ta labarin wanda ya kulle kansa a banɗaki, wanda ya jefa makullin mota a kwata. In labari ya ƙare sai in yi shiru ina jin injin. Can in kira ta, ta amsa, shi ke nan. In ba ta amsa ba in yi ta kira har ta amsa.”

“Kullum?”

“Sai dai ranar da ba ku gasawa.”

“Makon nan fa? An ce har sha ɗaya kake kaiwa.”

Saurayin ya sosa ƙeya. “Ɗan'uwan da kuka bari yana da kirki, Baba. Sai dai ba ya isowa da wuri kamar ku. To ban iya kashewa sai na ji wani ya shigo.”

Mai Burodi ya dubi agogon hannunsa, don ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ashe tafiyar da ya yi don ya kama yaron da makara ita ce ta ƙara masa makarar.

“Ta gaya maka ina gari?”

“Ta gaya min. Ta ce ba za ku neme ni ba, ƙofa za ku zo dubawa. Ta roƙe ni in bar kiran na kwana biyu, in buɗe tun kafin kowa, in share har gaban mai aski. Har fushi ta yi da ni.”

“Me ya hana ka?”

“Na yi tunani, Baba. Na san abin da zai iya jawo min. Amma na ga in kun hana ni ita, tana nan dai da hannayenta biyu.”

Wani mutum ya leƙo da makullin babur, Mai Makulli ya dubi Baba, Baba ya yi masa alama da hannu ya je ya yi aikinsa. Injin ya sake kuka. Mai Burodi ya zauna yana kallon bayan yaron. Ya yi shekaru yana alfahari a gaban abokai cewa ƙofarsa ba ta taɓa makara ba, ko ranar da gwiwa ta kayar da shi. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa yake biyan wannan alfaharin ba. Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro, ga kuma wani kishi mai ɗaci. Wannan siririn yaro, daga wata ƙasa, ya san 'yarsa fiye da shi da suke kwana gida ɗaya.

Masu saye suka yi ta shigowa ɗai-ɗai. Bai tashi ba, ba a kuma ce ya tashi ba. An kawo masa ruwa mai sanyi daga kantin magani. Da ƙarfe ɗaya ta yi, sai titi ya ɗauki ƙarar nan ta safe amma a juye, ƙarfe yana saukowa. Mai yadi ya kwashe bandir ɗinsa. Rediyon mai aski ya yi shiru. Mai Makulli ya tura ƙofarsa ya bar ta a ɗan buɗe don iska, shagon ya yi duhu-duhu, sanyi ya sauka. Mai Burodi ya lura cewa wannan karon abin bai ba shi haushi ba.

Ya laluba aljihu ya ciro waya. Yana so ya ji muryarta, ko da bai san abin da zai ce ba. Ya fara neman lambar da babban yatsa.

“Baba,” in ji Mai Makulli a hankali. “Ku yi haƙuri. Yanzu barci take.”

“Yanzu? Ai la'asar ce a gida. Girki take.”

“Takan ɗora tukunya, ta rage wuta, ta kwanta a kan tabarma a bakin kicin. Kafin ku rufe ku dawo ta tashi ta wanke fuska. Shi ne barcinta mai daɗi, in ji ta. Ko ni ba na kira a lokacin.”

Mai Burodi ya daɗe yana kallon wayar. Sau nawa ya dawo da yamma ya tarar da abinci a rufe, ita kuma tana murmushi, shatin tabarma a kumatunta, bai taɓa karanta shi ba? Ya mayar da wayar aljihu a hankali.

“In ta zo garin nan,” ya ce, “ƙarfe nawa za ta riƙa tashi?”

“Lokacin da ta ga dama, Baba.”

“Kai kuma ka koma buɗewa da wuri. Mutane ba za su yi ta tsayuwa a rana ba saboda gidana. In na koma zan ɗauki mutum biyu a kwaɓin farko, in ba a samu ba a buɗe a makare, ba wanda zai mutu don burodi ya jira hantsi.”

Shi kansa ya yi mamakin jin wannan magana daga bakinsa. Ya dogara sanda ya miƙe, yaron ya yi wuf zai kama shi, ya ɗaga masa hannu. A bakin ƙofa ya tsaya. Titi fayau, rana ta ƙwalle, kowane shago a rufe, masu shi suna can suna barcinsu hankali kwance. Ya san gidansa zai yi masa faɗi, ya san zai yi kewarta har ya rasa inda zai sa kansa, kuma ya san duk wannan ba dalili ba ne.

“Ka turo manyanka,” ya ce, bai juyo ba.

Ya ji yaron ya zube a bayansa yana godiya, kalmomin suna harɗewa.

“Tashi, ban gama ba. Sharaɗi ɗaya gare ni.”

“Ko mene ne, Baba.”

“Makon farko, ko rana ta kai tsaka, kada ka tashe ta. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar nake tashin yarinyar nan. Ya isa.”